Lafiya Uwar Jiki: Ɗumame a Akwatin Guzurin Japanawa

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da wuya a sami inda wannan magana ta zauna daram kamar a madafin gidajen ƙasar Japan, inda kowace safiya miliyoyin mutane ke fita riƙe da ɗan akwatin abinci wanda suke kira bento. Akawu yana da nasa, leburan masana'anta yana da nasa, ɗan makarantar sakandare da yaron makarantar reno kowa da nasa. Tun da asuba uwargida kan shirya akwatin, ta zuba shinkafa a gefe guda, ta jera kifi ko nama da ƙwai da ganyaye a ɗaya gefen, ta rufe, ta ɗaure shi cikin ƙyalle, ba kuwa za a buɗe ba sai rana ta take. Abin lura a nan shi ne, bisa al'ada yadda aka buɗe shi haka ake cin sa, ba tare da ya sake ganin wuta ba.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. Tun zamanin da tarihinsu ke kira Kamakura, watau daga 1185 zuwa 1333, matafiya kan dafa shinkafa su shanya ta, su ƙunsa a jaka domin guzuri. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, masu zuwa kallon wasan kwaikwayo sukan ci wani irin bento mai suna makunouchi a lokacin hutun da ke tsakanin wasa da wasa. Da jirgin ƙasa ya zo sai aka shiga sayar da bento a tashoshi, ana kiran sa ekiben, kuma an fi danganta farkonsa ga tashar Utsunomiya a shekarar 1885, inda aka ce curin shinkafa biyu ne da ɗan abin tsami a naɗe cikin ɓawon itacen gora.

To, uwargidan da za ta sallami miji da yara kafin ƙarfe bakwai ba ta da halin dafa abinci iri huɗu ko biyar da asuba. Saboda haka sai ta koma ga abin da ya rage na jiya da dare, ko kuwa abin da ta dafa da yawa a ƙarshen mako ta adana a firji, wanda suke kira tsukurioki. Wannan ba abin kunya ba ne a wurinsu, domin suna da wata kalma, mottainai, wadda ke nufin takaicin ganin an yi almubazzaranci da abu mai amfani. A shekarar 2019 ƙasar ta kafa doka musamman domin rage zubar da abinci, kuma ƙididdigar gwamnati ta shekarar 2022 ta nuna an zubar da tan miliyan 4.72 na abincin da zai ciwu, rabinsa daga gidaje. Ke nan mai juye sauran abincin dare cikin akwatin rana ta yi tattali, ta kuma cancanci yabo. Sai dai tattalin yana da sharuɗɗa, wanda ya ƙetare su kuwa jikinsa ne zai gaya masa.

Bahaushe ya san ɗumame, ya kuma san daɗinsa. Tuwon dare kan kwana, da safe a yayyanka shi a ɗora a wuta, a ci da zafinsa, tsakanin murhu da baki babu ko minti goma. Ɗumamen da ke shiga bento kuwa matafiyi ne. Bayan ya kwana, an ɗumama shi, sai ya sake zaman awa biyar ko shida cikin jaka, babu wuta babu firji. Wasu ƙwayoyin cuta, in sun sami ɗumi da laima da abinci, kowace ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. In aka bi lissafin, ƙwaya ɗaya tak da aka rufe da ita da ƙarfe shida na safe tana iya zama 262,144 kafin ƙarfe goma sha biyu na rana. Daɗin daɗawa, daga watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli yawancin ƙasar na cikin wata damina mai yawan laima da suke kira tsuyu, tana wucewa kuma sai zafin Agusta ya sauka, inda a birnin Tokiyo ma'aunin zafi kan zarce digiri 30 kwana da kwanaki. Shi ya sa hukuma ta keɓe watan Agusta na kowace shekara ya zama watan tsaftar abinci.

Ƙwayoyin cutar da ke fakon irin wannan abinci suna da yawa, amma uku daga cikinsu sun fi dacewa da a san halinsu. Ta farko ita ce ta hannu, wadda likitoci ke kira Istafilokokus. Tana zaune a fatar mutum da cikin hancinsa, har mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na ɗauke da ita lafiyarsa lau, ta fi kuma yawa a yanka da ƙurji. In ta sauka a kan abinci ta hayayyafa, sai ta zubar da wani dafi wanda tafasa ba ta kashe shi, ko da an yi minti 20 ana tafasawa. Wanda ya ci kuwa, cikin kamar awa uku amai zai turnuƙe shi. Japanawa sun ga aikin wannan dafi a shekarar 2000, sa'ad da wuta ta ɗauke na kimanin awa uku a wata masana'antar kamfanin madara na Snow Brand a tsibirin Hokkaido. Madara ta zauna cikin ɗumi, ƙwayar ta yaɗu, aka mai da madarar gari, daga baya aka yi madarar sha da ita a Osaka. An bi ta da zafin da ya kashe ƙwayoyin, amma dafin ya tsira, mutum fiye da 13,000 suka kamu.

Ta biyu ita ce ta shinkafa, Basilus seriyus. Asalinta daga ƙasa ne, tana kuma zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Halinta irin na gaiwa ne, wadda kan shige cikin taɓo da rani ta yi lamo har ruwa ya dawo. Ita ma in ta ji wuya sai ta dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri wanda dahuwa ba ta fasa shi. Shinkafa na fara hucewa sai ta farfaɗo ta shiga hayayyafa, ta kuma zubar da nata dafin, wanda ya fi na farkon ma jure wuta, yana sa amai daga rabin awa zuwa awa shida bayan ci. A watan Satumba na 2023 wani tsohon kamfanin ekiben a garin Hachinohe, lardin Aomori, ya rarraba akwatunan da suka kwantar da mutum fiye da 500 a larduna 29 daga cikin 47 na ƙasar. Da aka yi bincike sai aka sami wannan ƙwaya da ta hannu duka biyu, kuma cikin abubuwan da ofishin lafiya ya zarga har da shinkafar da aka sayo daga wani mai dafawa, wadda ta iso da ɗumin da ya wuce yadda aka ƙayyade.

Ta uku ita ce ta tukunya, Kulostiridiyum, wadda Japanawa ke kira da sunan likitan Amurka William Welch da ya bayyana ta a 1892. Ita ma tana da ƙwanso, amma abin da ta fi so shi ne wurin da iska ba ta shiga, watau gindin babbar tukunya mai miya mai kauri. A ɗumin digiri 43 zuwa 45 takan rabu biyu cikin kamar minti goma, kuma babbar tukunyar da aka sauke aka bari a rufe takan daɗe a wannan ɗumi. Japanawa suna son miyar kori mai nama da dankali, suna kuma cewa ta kwana ta fi daɗi. A watan Maris na 2017, a wata makarantar reno da ke unguwar Setagaya a Tokiyo, an dafa irin wannan miya aka bar ta ta kwana cikin manyan tukwane, washegari aka ɗumama aka raba, mutum 76 tsakanin yara da malamai suka kamu da zawo da murɗawar ciki. Ita wannan ba ta nuna kanta sai bayan awa 6 zuwa 18, lokacin da mai ci ya manta ma da abin da ya ci.

Wani zai ce ai hanci na nan, in abinci ya lalace za a ji. Gaskiya ne ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan sha'ani ido da hanci da harshe duk ana rufe su. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da wari da yauƙi dabam suke da waɗanda ke kwantar da mutum. Waɗannan ukun suna iya cika abinci maƙil alhali ƙanshinsa da ɗanɗanonsa na nan yadda suke. Abincin da ya yi wari a zubar babu shawara, amma rashin wari ba shaidar lafiya ba ne.

Duk wanda ya dubi halin waɗannan ƙwayoyi zai gane cewa makomar akwatin rana tun daren jiya ake yanke ta. Wutar safe tana kashe ƙwaya mai rai, amma ba ta da iko a kan dafin da aka riga aka zubar cikin dare. Ma'aikatar Lafiya ta Japan ta taƙaita gargaɗinta cikin kalmomi uku: tsukenai, fuyasanai, yattsukeru, ma'ana kada a shafa wa abinci ƙwayar cuta, kada a ba ta damar yaɗuwa, sa'an nan a kashe ta da wuta. Ƙasar ta ƙara tsananta wannan al'amari ne bayan annobar birnin Sakai ta watan Yuli 1996, inda ƙwayar O157 ta kama mutum fiye da 9,000 ta hanyar abincin makaranta, 'yan makaranta uku suka rasu a lokacin. A shekarar da ta biyo aka fitar da ƙa'idoji ga manyan madafai, cewa dafaffen abinci ya zauna ko dai a digiri 10 zuwa ƙasa, ko a digiri 65 zuwa sama. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne makiyayar ƙwayoyin cuta.

Saboda haka uwargida mai lura takan fara aikinta tun kafin a zauna cin abincin dare. Da ta sauke tukunya sai ta ɗebi rabon gobe da cokali mai tsabta ta ware, domin abin da tsinkayen cin abinci suka yi ta shiga suna fita a cikinsa ya riga ya haɗu da yawun mutane, bai cancanci kwana ba balle tafiya. Abin da ta ware kuwa ba ta barin sa a tukunya. Takan rarraba shi cikin ƙananan kwanoni marasa zurfi domin ya huce da wuri, in da hali ta ɗora su a kan ruwan ƙanƙara, tururi na lafawa ta rufe ta sa a firji mai sanyin da bai wuce digiri 10 ba. Shinkafa takan ƙunsa ta kashi-kashi ta sa a gidan ƙanƙara. Firji ma jinkirta ƙwayoyi yake yi, ba ya kashe su, don haka abin da ya yi kwanaki a ciki ba na akwati ba ne.

Da gari ya waye sai wuta. Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa duk sauran abinci ko wanda aka dafa aka adana, lalle a sake ɗumama shi sosai dab da za a zuba a akwati. Ma'aunin da aka bayar shi ne tsakiyar abincin ya kai digiri 75 har tsawon minti ɗaya ko fiye. Miya a bar ta ta tafasa ana juyawa har ƙasa. Mai amfani da na'urar ɗumama abinci ta lantarki ta tuna cewa na'urar kan ƙona gefe ta bar tsakiya da sanyi, sai an tsaya an juya an mayar. Ɗumi sama-sama ya fi rashin ɗumamawa haɗari, domin ya ɗauko abincin daga sanyin da ke tsare da shi ya ajiye shi daidai inda ƙwayoyi ke so.

Bayan wuta kuma sai haƙuri, nan ne kuwa masu gaggawa suka fi tuntuɓe. Abincin da aka ɗumama dole ya huce sarai kafin a rufe shi. In aka rufe shi da zafi, tururi zai taru a murfi ya zama gumi, ya ɗiga a kan shinkafa, akwatin kuma ya daɗe yana riƙe da ɗumi, laima da ɗumi sun haɗu ke nan a wuri ɗaya. Shi ya sa matan Japan kan fara zuba shinkafa ta sha iska, su baza sauran kayan a faranti, su yi musu fifita ko su kunna fanka, wasu su ɗora farantin a kan ƙunshin ƙanƙara. Sai sun taɓa gindin akwatin sun ji babu sauran ɗumi sa'an nan su rufe.

Ruwa ma abokin gaba ne a cikin bento. Abin da aka dafa da romo akan tsane shi ƙwarai, ko a bar shi a wuta har romon ya ƙafe. Dafaffen ganye akan matse shi, a barbaɗa masa niƙaƙƙen riɗi ko busasshen kifin da aka kankare siri-siri domin su tsotse sauran ruwan. Kowane iri akan sa shi a ɗan kofinsa don kada ruwan wannan ya taɓa wancan, kuma ɗan koren abin nan mai kama da ciyawa da ake gani a akwatunansu, baran, aikinsa ke nan, a da ganye na gaske ake sawa. Ɗanyen ganye irin su latas an fi so a bar shi a lokacin zafi. Ƙananan tumatir akan cire musu hancinsu, domin nan ƙwayoyi ke maƙalewa, a wanke a goge. Ƙwai sai ya dahu har gwaiduwa ta daskare. Shinkafar da aka dafa haɗe da nama da ganye, irin dafa-duka, ta fi fara saurin lalacewa, don haka akan jingine ta sai sanyi ya shigo.

Game da hannu kuwa, tun da shi ne gidan ƙwaya ta farko, dafaffen abinci ba ya son taɓi. Da tsinkaye ko cokali ake jera shi. Curin shinkafar nan da suke kira onigiri, wanda iyaye da kakanni ke dunƙulawa da tafin hannu da gishiri, yanzu hukuma na ba da shawarar a dunƙula shi cikin ledar naɗe abinci. Mai yanka ko ƙurji a yatsa ta sa safar hannu ko ta bar wa wani aikin. Shi kansa akwatin akan cire robar da ke zagaye da bakin murfinsa a wanke dabam, domin a ƙarƙashinta maiƙo da datti ke ɓuya, a kuma bar shi ya bushe ƙayau kafin a zuba kome.

Mutanen da can suna da nasu dabarun, har yau kuwa ana amfani da su. Akwai umeboshi, ɗan itacen da ake jiƙawa a gishiri a shanya, mai tsananin tsami, wanda in aka dasa shi ja a tsakiyar farar shinkafa sai akwatin ya yi kama da tutar ƙasar. Akwai zuba ɗan ruwan khal a shinkafa, da ƙara wa abincin rani gishiri. Akwai akwatin katako mai suna magewappa, wanda garin Odate na lardin Akita ya shahara da sassaƙa shi, katakon yana tsotse gumin shinkafa kamar yadda akushi ke yi wa tuwo. Na zamani kuma sun ƙaro wata 'yar takarda mai sinadarin yajin wasabi da ake shimfiɗawa a saman abinci. Duk waɗannan suna taimakawa, amma iyakacin ƙarfinsu kaɗan ne. Tsamin umeboshi bai wuce shinkafar da ke kewaye da shi ba, kuma babu ɗayansu da ke warware dafin da ya riga ya shiga.

Saura tafiya. A lokacin zafi akan sa akwatin cikin jaka mai riƙe sanyi, a ɗora ƙunshin ƙanƙara a saman murfi domin sanyi ƙasa yake gangarawa, a nisanta shi daga rana da cikin motar da aka rufe. A kantunansu ana sayar da daskararren abinci da aka rubuta cewa ana iya jefa shi a akwati ya narke da kansa, amma irin wannan sai da aka gwada shi a ɗumin digiri 35 har awa 9 kafin a yarda da shi. Wanda aka daskarar a gida bai bi ta wannan gwaji ba, tilas ya ga wuta. Mai son abinci da zafi kuwa akwai ƙaramar kula ta miya, wadda akan fara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a cika ta da miya tana tafasa, a kuma shanye cikin awa shida.

Wannan magana ta ƙarshe ta shafi gidaje da yawa a nan Nijeriya, inda yara ke tafiya makaranta da shinkafa ko taliya a kula, alhali zafin bazara a Sakkwato da Maiduguri kan wuce digiri 40, wuta kuma na iya ɗaukewa cikin dare ta bar firji ya zama akwati kawai. Ƙwayar shinkafa ba ta san Bajapane ba, ba ta san Bahaushe ba. Kula tana tsare abinci ne muddin an zuba shi da tsananin zafi an kuma ci shi kafin ya koma ɗumi-ɗumi. In kuwa aka yi rashin sa'a yaro ya dawo da amai ko zawo, a hanzarta ba shi ruwan gishiri da sukari, in an ga jini a bayan gida, ko ya galabaita, ko ya kasa riƙe ruwa a ciki, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ita kanta Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar da ke ƙyamar almubazzaranci ta faɗa wa jama'arta cewa abincin da ya daɗe, ko wanda zuciya ta yi kokwanto a kansa, a daure a zubar. Kwanon shinkafa ɗaya bai kai kuɗin gadon asibiti ba, kada garin neman gira a rasa ido. Hanyar da ta fi ita ce a dafa daidai ci, abin da za a kwanar a sanyaya shi da wuri, a ɗumama shi har ciki, a bar shi ya huce kafin murfi ya hau. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.